Tukunyar da Ta Kwana da Ruwa

Zogbeli, Tamale
6 ga Mayu, 2024

Yaya Sumaiya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kina lafiya, ya karatu, ya sanyin Jamus? Baba Alhaji yana nan ƙalau, ƙafar ce dai take damunsa. Ni ma lafiya, sai ƙuna a hannun hagu, ta fara bushewa.

Yaya, ga abin da na gani ranar Talata da safe. Kin taɓa ce mini in abu ya lalace a wurin aiki in rubuta komai, har abin da nake ganin ba shi da amfani. To, zan rubuta.

Na isa rumfar Masta Iddrisu, inda muke zubin tukwanen alminiyam, rana ba ta gama fitowa ba. Sabuwar tukunyar narki tana bakin rumfa, wadda Mma Lariba, yayar mahaifiyata, ta gina mana a Kukuo yadda kika rubuto: yumɓu kashi uku, dakakken tsingaro kashi biyu, ɓuntun shinkafa kaɗan. Sati uku ta shanya ta a inuwa, ta gasa ta sau biyu. Ranar Litinin da la'asar na ɗauko ta a bayan babur. Na ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta amsa kamar ƙararrawa.

Da safen nan na tarar da Sahada, matar Moro abokin aikina, mai sayar da koko a gefen rumfarmu, tana tsiyaye ruwa daga cikin tukunyar zuwa kwata. Ruwan dusa ne, fari-fari. Na ce, "Sahada, me ya haɗa ki da kayan aikinmu?" Ta ce, "Ku maza ƙarfe kuka sani, ba ku san tukunya ba. Wa ya taɓa ɗora sabuwar tukunya a wuta ba ta kwana da ruwan dusa ba? Da ban gan ta jiya ba, da yau kun fasa wa tsohuwa aikinta." Na yi dariya. Wallahi dariya na yi. Aka goge ta da tsumma, na ajiye ta gefen wuta ta sha ɗumi, kamar yadda muke yi wa ta ƙarfe in ruwan sama ya taɓa ta. Kafin mu gama shan koko bayanta ya bushe.

Niyyar Masta sai da rana za a gwada ta. Amma wajen ƙarfe tara tsohuwar tukunyarmu, guntun tukunyar gas ɗin nan, ta fara yoyo a gindi, ga ta cike da narkakken alminiyam. Kin san yadda yake cin ƙarfe, wata biyu ya huda shi, shi ya sa ma na nemi dabara a wurinki. Masta ya daka tsawa, "Ku juye a sabuwar!" Ni ina juya ƙafar keken da ke hura wuta. Moro ya kama da awartaki, ya sunkuya, ya juye.

Na ga bayan tukunyar ya yi duhu daga ƙasa, kamar gumi a bayan riga. Na ji tana wani siririn kuka. Na buɗe baki ke nan, sai ta fashe. Ƙarar, har masu faci a bakin titi suka watsar da kaya suka gudu. Yanzu haka akwai alminiyam manne a kwanon rufi.

Moro yana asibiti. Fuska da ƙirji. Likita ya ce idon dama ya tafi, na hagu sai yadda Allah ya yi.

Maganar da ke yawo ita ce tukunyar Mma Lariba ce mara kyau. Abdul-Nasir, yayan Moro, ya je Kukuo ya tsaya a ƙofar gidanta yana faɗi, kowa na ji, wai ɗanyen yumɓu ta ba mu. Masta ya ce shi dama bai yarda da tukunyar da aka haifa a littafi ba.

Ban gaya wa kowa maganar ruwan ba. Ban ma tabbata ruwan yana da laifi ba, gumin nan da na gani ne ya tsaya mini a rai. Na tsinci tsingaro bakwai a bayan rumfa, sai dai ruwan sama ya riga ya dake su kwana biyu. Hajja Mulikatu za ta zo Jamus wurin ɗanta ƙarshen wata, zan ba ta ta kawo miki. Wayata ta narke a aljihun rigar da na rataye, don haka a takarda na rubuta, Fataw direba zai ɗauki hoto ya turo miki. Ba ya karanta Hausa, shi ya sa na zaɓe shi.

Ki gaya mini gaskiya, yumɓun ne ko ruwan?

Ƙaninki,
Awaisu

*

9 ga Mayu, 2024

Ƙanena Awaisu,

Wa alaikumus salam. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya ba Moro lafiya, Ya sa kaffara ne. Ka riƙa wanke hannunka da ruwa mai tsabta, kada ka bari a shafa maka toka ko man goge baki. Ni lafiyata ƙalau, sai dai tun da na karanta takardarka ban iya shiga ɗakin gwaji ba.

Ruwan ne.

Ƙarfe ba ya shan ruwa. In ka goge shi ka ɗumama, ya bushe ke nan, kuma abin da kuka sani ke nan, ba ku yi kuskure a kansa ba. Gasasshen yumɓu kuwa cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ni ce ma na sa aka ƙara su da ɓuntun shinkafa, don tukunyar ta jure zafi. Dare guda cur ta yi tana sha. Bayanta ya bushe, cikin jikinta yana jiƙe. Da alminiyam mai zafin digiri ɗari bakwai ya sauka a kanta, ruwan ya zama tururi a lokaci ɗaya, tururi kuwa yana neman wurin da ya ninka na ruwa fiye da sau dubu. Bai sami hanya ba, ya yi wa kansa.

Shekara huɗu ina wannan aikin. Muna sa yumɓu da ƙarfe a wutar da ta kai digiri dubu da ɗari biyar, mu ga wanne zai tsage, don a san abin da za a shimfiɗa a cikin injin jirgin sama. Ba abin da ke shiga wutarmu sai ya kwana biyu a akwatin busarwa. Ba mai faɗa, kowa ya sani. Na rubuto maka shafi uku a kan kwaɓi da gashi, ban rubuta layi ɗaya na ce kada ruwa ya taɓa ta ba. Ni da na ga Inna tana jiƙa kowace sabuwar tukunya a gidanmu na Changli. Na manta gida, Awaisu. Wannan nawa ne.

Amma ba na Mma Lariba ba ne. Ka je ka gaya wa Masta yau, kada ka jira tsingaron ya iso. Duk kwanan da ka ƙara, maganar tana ƙara kama ta.

Bayan kai, wa ya ga Sahada tana zubar da ruwan?

Yayarka,
Sumaiya

*

Zogbeli, Tamale
28 ga Mayu, 2024

Yaya Sumaiya,

Assalamu alaikum. Ina fata kin koma aiki. Baba Alhaji yana gaishe ki. Hannuna ya warke, fatar ce ta yi fari. Ki yi haƙuri da jinkiri, motar Fataw ta lalace a Techiman, sai shekaranjiya na ga takardarki.

Idon hagun ma ya tafi. An sallamo Moro, yana ɗakinsa a gidan iyayensa.

Kin ce in je in faɗa yau. Yaya, bari in gaya miki abin da ke cikin ɗakin nan. Sahada ce ke wanke masa ciwo safe da yamma. Ita ke ba shi tuwo a baki, don leɓensa ya ɗaure, cokali ba ya shiga sai ta gefe. Ita ke riƙe shi zuwa bayan gida. Abdul-Nasir yana zuwa ya yi faɗa a tsakar gida ya tafi, ban taɓa ganin ya ɗaga bokiti ba. In na buɗe baki, kafin la'asar sun ɗaure mata kayanta, su riƙe 'ya'yan biyu. Sai wa zai riƙe Moro?

Ina jin ta fara ganewa. Ta daina sayar da koko. Da na je dubiya ta kawo mini ruwa, ta ajiye ta juya ba ta dube ni ba. Moro ya ce, "Wa ke nan? Awaisu? Kai ne ba ka magana sai an matse ka kamar lemo. Zauna." Na zauna. Da zan tafi ya lalubo rigata ya ce, "Kai mai haƙuri ne, abokina. Ka ci gaba da shi."

A Kukuo kuwa, kin san matan tare suke gashi, wuta ɗaya, kowa ta jera nata. Ranar Asabar suka ce Mma ta ja nata gefe, kada tukwanenta su fashe su ɓata na mutane. Shekara hamsin tana jera tukwane a wutar nan. A kasuwa mata suna ɗaga tukunyarta, su tambayi ta wa ce, su ajiye. Abdul-Nasir ya kai ƙara wurin mai unguwa, yana so a hana ta ramin yumɓu gaba ɗaya. An ce za a zauna bayan an gama shuka.

Na gaya wa Mma maganar ruwan da Sahada ta zuba. Ita kaɗai. Tana murza yumɓu a tafin hannu, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ruwan dusa ta sa?" Na ce e. Ta ce, "Uwarta ta koya mata daidai." Na jira ta ce in faɗa, ko ta ce in bari. Ta ce in miƙo mata tsumma.

Ga abin da nake roƙo. Tsingaron yana hannun Hajja Mulikatu. Ki duba shi da na'urarku, ki rubuta takarda mai hatimi cewa yumɓun ya gasu, aikin Mma ba shi da aibu. Kada ki sa sunan kowa. In takarda ta wanke ta, ba sai an nemi wanda za a ɗora wa ba, a ce ƙaddara ce, dama ita ce. Ni zan jira. Na iya jira.

Ƙaninki,
Awaisu

*

9 ga Yuli, 2024

Ƙanena Awaisu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Moro da Mma. Ni na yi mura, na warke.

Na san na daɗe. Na'urar da ke nuna cikin yumɓu layi ake bi, sai da na jira sati huɗu. Da ka ce za ka jira, na ɗauka abin ya lafa ne. Jiya Baba ya ce mini a waya zaman ranar Lahadi ta sama ne. Na kira lambar Fataw sau shida ba ta shiga, sai na tura wa Baba takardar kai tsaye, zai ba mai unguwa.

Ga abin da ke ciki. Na ɗaya, yumɓun ya gasu har tsakiya, ƙwayoyinsa sun kama juna, ban ga aibu ba. Na biyu, irin wannan fashewar ta tururi ce, akwai ruwa a jikin tukunyar lokacin da aka zuba ƙarfe. Na uku, tsingaron ba zai nuna yaushe ruwan ya shiga ba, don ruwan sama ya wanke shi.

Na san ka so in tsaya a na ɗaya. Na gwada. Shugabana ba zai sa hannu a rabin sakamako ba, ni ma da na karanta sai na ga ba zan iya ba. In ban ambaci ruwa ba, gobe wani a Tamale zai jiƙa tasa. Ba sunan kowa a ciki, kamar yadda ka roƙa. Duk mai hankali da ya karanta na ɗaya zai ga Mma ta fita.

Ba ka amsa mini ba, wa kuma ya gani? In akwai wani, ka neme shi kafin Lahadi, ko da ba za a buƙace shi ba.

Yayarka,
Sumaiya

*

Kukuo, Tamale
23 ga Yuli, 2024

Yaya Sumaiya,

Assalamu alaikum. Ina fata murar ba ta dawo ba. Baba Alhaji lafiya. Ni ma jikina lafiya. Kin ga daga Kukuo nake rubutu, zan zo kan dalilin.

An yi zaman a zauren mai unguwa bayan azahar. Dattawa shida, Masta, Abdul-Nasir da mutanensa. Mma Lariba ta zauna bakin ƙofa. Sahada ta kawo Moro, ta zaunar da shi, ta zauna a bayansa kaɗan.

Ticha Suhuyini ya karanta takardarki, yana juya ta zuwa Dagbanci. Na ɗaya ya wuce, ba wanda ya motsa. Kalmomin sun yi masa nauyi, ya ce dai an duba yumɓun da inji. Da ya zo na biyu ya ce akwai ruwa a jikin tukunyar, Abdul-Nasir ya miƙe tsaye. Ya ce, "Alhamdu lillahi! Me na ce muku? Ga shi 'yarsu ta Turai ma ta faɗa. Ɗanya ce!" Ticha ya ce saura na uku. Ya karanta, ba a san yaushe ruwan ya shiga ba. Abdul-Nasir ya ce, "Su can ba su sani ba, mu mun sani. Masta, shekara nawa kana zubi?" Masta ya ce talatin. "Ka taɓa ganin mahaukacin da ya zuba ruwa a tukunyar narki?" Masta ya ce bai taɓa ba. Dattawa suka gyaɗa kai.

Ba laifin takardarki ba ne, Yaya, gaskiya ta faɗa. Amma na dubi Mma, ta sunkuyar da kai tana kallon hannuwanta, sai na ji na miƙe. Na faɗi duka. Ruwan dusa, kwata, tsumma, dariyar da na yi, da cewa ni na ajiye ta gefen wuta.

Abdul-Nasir ya ce, "Ɗan ƙanwarta ne, me kuke so ya ce? Wata biyu da rabi bakinsa a ɗinke, yau da aka kama uwarsa ya tuna da ruwan dusa. A kan matar makaho za ka sauke, Awaisu? Ba ka ji kunya ba?"

Mai unguwa ya ce, "Sahada, haka aka yi?"

Na ga ta dafa ƙasa za ta tashi. Bakinta ya buɗe. Sai hannun Moro ya koma baya, bai yi lalube ba, ya kama wuyan hannunta. Ina kusa, na ga yatsunsa sun nutse a fatarta. Ya ce, "Matata koko take sayarwa, ranka ya daɗe. Ba ta taɓa kayan aikinmu."

Mai unguwa ya ce miji ya amsa. Ya juyo gare ni ya ce, "Shaida ɗaya, kuma ɗan uwa. Akwai wanda ya gani bayan kai?" Na tsaya. Ya sake tambaya. Na ji kaza tana tono a waje, har yanzu ina jin ta. Na zauna.

An hana Mma ramin yumɓu da wutar gashi. Tukwane goma sha tara da ta gina ba a gasa ba suna jere a ɗakinta, ta hana a taɓa su, damshin damina ya fara sa su zubewa ta baki. Masta ya ce kada in ƙara taka rumfarsa. Sahada ma ban cece ta ba. A wurin zaman, Abdul-Nasir ya kare ta, amma na ga irin kallon da ya bi ta da shi da suka fita, kuma jiya an ce uwar Moro ta karɓe ba shi abinci. Da na faɗa ranar da kika ce, ko kuma da na yi shiru har ƙarshe, da ɗaya daga cikinsu ta tsira. Na jira har na ɓata duka biyun.

Na dawo da kayana gidan Mma, ina ɗebo mata ruwa. Ba ta zage ni ba. Da safe takan zauna inda take gini, hannunta a cinya.

Sau biyu kin tambaye ni, mai unguwa ma sau biyu. Ke zan gaya wa. Tukunyar ta fi ƙarfin Sahada ita kaɗai, cike da ruwa. Mijinta ne ya riƙe mata gindin ta tsiyaye. Shi ya karɓi tsumma ya goge cikinta, ya ce mata Allah Ya yi albarka, ya juyo ya ce mini, "Ka ga amfanin aure, gwauro? Je ka yi."

Mu uku ne a wurin da safen nan. Ni, da Sahada, da Moro.

Awaisu